Takarata da Alhaji Sefa a Kan Fili

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na zura babbar rigata ta Sallah na nufi zauren Baba Arzika don in ci mutuncin wani mutum ba. Mutumin nan na yi wata da watanni ina tsine masa. Ban taɓa sa shi a ido ba, amma da ka tambaye ni a lokacin, da na zana maka shi tun daga hula har takalmi.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin makaranta ne a nan Bagudo, kuma tun da na yi aure a gidan haya nake. Wanda bai taɓa zaman haya ba ba zai gane ba. Ƙusa za ka kafa a bango sai ka nemi izini, akuyarka ta yi kuka sai ka ba da haƙuri. Ana nan sai mai gidan ya aiko cewa ɗansa zai yi aure bayan kaka, yana son gidansa. Matata Rabi ta ji saƙon. Sai kawai ta aika gidansu a Kaoje aka kai bijiminta kasuwa. Bijimin nan shi kaɗai ne abin da ta gada daga mahaifinta, tun yana ɗan maraƙi ake kiwata mata shi. Ta ƙulle kuɗin a ɗankwali ta ajiye a gabana.

"Malam," in ji ta, "ka haɗa da abin da ke hannunka ka saya mana fili. Ko ɗaki ɗaya ne mu kafa. Na gaji da kwashe kwanuka."

Na karɓa ina hura hanci, don a lokacin ji nake duk garin babu wanda ya kai ni sanin harkar ƙasa. Ina da aboki da ke aiki a ofishin wani lauya a Birnin Kebbi, duk hutun da na je wurinsa sai na kwaso bayanai na dawo da su majalisarmu ta bakin mai shayi. Ni ne mai bambanta wa mutane jingina da sayarwa: a jingina kuɗi ka bayar ka riƙe gona kana nomawa, ranar da mai ita ya maido maka da kuɗinka ka ɗauki fartanyarka ka yi gaba. Ni ne mai gargaɗin kada a sayi filin gado sai duk magada sun sa hannu, kada a ba da kafin alƙalami sai a gaban shaidu. Har shuf'a nake jefowa, wato haƙƙin wanda kuka yi tarayya a fili na a fara yi masa tayi kafin bare. (Wannan kalmar na fi ƙauna, don da na faɗe ta sai majalisa ta yi tsit.) Duk ilimin nan, ko taku ɗaya na ƙasa ban mallaka ba a duniya.

Dabarata ta farko ita ce ɓoye suna. A garin nan in mai fili ya ji mai saye ɗan albashi ne, sai ya ɗauka gwamnati ce ta zo da kanta. Don haka na kira wani dillali da ake ce wa Ɗan Illo, na sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa sunana ba. Shi ma ya ce ba zan ji sunan mai fili ba sai ciniki ya faɗa. Haka dillalai suke yi, don kada ka zagaye su ka je kai tsaye su rasa la'adarsu. Na ce ba komai, kowa ya riƙe nasa.

Da bazara ya kai ni bayan gari, bakin hanyar da ta miƙe zuwa iyakar Benin. Fili ne fetal, ba ko ciyawa, can ƙarshensa ga wata giginya. Daga bakin hanya muka tsaya, ko sauka daga babur ɗina ban yi ba, wai don kada wani ya gan ni ya gane. Na taya. Da yamma amsa ta dawo: albarka.

"Mai hilin ga ba yunwa shika ji ba," in ji Ɗan Illo. "Ka yi haƙuri, Malam, shina saukowa."

Na yi haƙuri har ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma, mai fili bai sauko ba. Mai gidan hayarmu ya fara turo magini yana auna bangon ɗakinmu muna ciki. Rabi ta daina tambayata, wanda ya fi tambayar ciwo. Nan ne na fito da dabara ta biyu, wadda har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina. Na ce mai hankali ba ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya, bari in nemi wani filin in riƙe a gefe. Na kira wani dillalin, Manu Zagga. Da gangan na zaɓe shi, don na san ba sa ga maciji da Ɗan Illo, ko gaisuwa ba ta haɗa su, ballantana su yi zancena. Shi ma na sa ya rantse.

Manu ya ce yana da wani wuri da ba kowa ya san za a sayar ba. Ya bi da ni ta hanyar masu zuwa rafi, muka yi ta kurɗawa cikin gonaki har na rasa gabas. Gero ya fi mutum tsayi ta ko'ina. Ya ce mai filin ya ba wani maƙwabcinsa aro ne na damina ɗaya, da an girbe shi ke nan. Muka tsaya a gindin wata giginya. (Kada ku yi mini dariya tun yanzu. Giginya a ƙasarmu ta fi a ƙirga.) Na duƙa na ɗebi ƙasa na murza a hannu kamar wanda ya san abin da yake yi.

"Manu, wannan shi ne fili!" na ce. "Wani da aka fara nuna mini bai kai rabin wannan ba. Can ƙura da hayaniya, nan kuwa ka ji iska."

Tun da ya fi na farko a ganina, sai na taya shi da ɗan ƙari a kan abin da na taya na farkon. Na koma gida ina fito.

Ba a jima ba sai ga Ɗan Illo har makaranta, yana gumi, ya ja ni bayan aji.

"Malam, an shigo muna! Wani ya taya hilinmu, kuma ya ɗara ka."

"Wane ne?"

"Shi ma ɓoye suna yay yi. Ta hannun wancan ɓarawon yab biyo." (Ɗan Illo ba ya kiran sunan abokin gaba, duk dillalin da ba shi ba wancan ɓarawon ne.) "Ni dai ina zaton mutanen ƙetare na, masu sefa. Ka san tun da naira ta faɗi, sai su tsallako da 'yan takardu kaɗan su canza, su cika buhu."

A take na ga mutumin a zuciyata. Ƙato, mai tumbi, da mota mai baƙin gilashi, yana tauna asuwaki yana sayen ƙasarmu. Na raɗa masa suna Alhaji Sefa. Filin da na ce bai kai rabi ba sai ya dawo mini da daraja, don ba zan bari baƙo ya ƙwace abin da na fara gani ba. Na ce wa Ɗan Illo ya je ya ƙara.

Kafin in huce sai ga Manu. Shi ma an taya nasa filin, an ɗara ni. Na tambaye shi nawa aka taya, ya faɗa. Daidai yake da abin da na sa Ɗan Illo ya kai, ba ragi ba ƙari. Na ƙara a wurin Manu. Ɗan Illo ya dawo da labarin cewa Alhaji ya ƙara, kuma daidai abin da na faɗa wa Manu.

To jama'a, mai hankali ya ji wannan me zai ce? Ni dai ga abin da na ce: akwai munafuki a kusa da ni. Wani ne ke kwasar sirrina yana kai wa Alhaji Sefa, shi kuma yana bina fili-fili don ya tozarta ni. Na zargi mai shayi. Na zargi wani malamin lissafi da muke tebur ɗaya. Har mai zuwa yi wa Rabi kitso na fara harara. Rabi da ta ga na rame ta zaunar da ni na yi mata bayani. Ta dube ni ta ce, "Malam, ni dai ka ɗauke ni ka kai ni in ga filayen nan guda biyu da idona."

"Rabi," na ce, "harkar ƙasa ba adashe ba ce. Akwai sirri a ciki. Ki bar wa masu ilimin abin."

"To, Allah ya ba masu ilimi sa'a," in ji ta, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Mai rabon shan duka ba ya jin bari. Na ci gaba da ƙari nan, ƙari can, har tayina na ƙarshe ya haye kuɗin bijimi, ya haye nawa, ya shiga cikin kuɗin bulo da kwanon rufi da ban ma tara ba. Gaskiya na tsorata. In na janye, Alhaji ya kwashe duka biyun, kaka ta zo ba mu da inda za mu sa kai. In aka sallama mini, ba ni da abin cikawa. Wata yamma a majalisa baƙin ciki ya ishe ni, na ɗaga hannu sama a gaban kowa na ce, "Ya Allah, wannan Alhaji da ke bina, ka sauke shi daga kan abin hawansa! Ka sa a gan shi yana taka ƙasa da ƙafarsa cikin rana!" Majalisa ta ɗauka da amin. Mai shayi, wanda nake zargi, shi ya fi kowa ɗaga murya.

Ana cikin haka Ɗan Illo ya zo ya ce mai fili ya gaji da aike. Baba Arzika ne sunansa, wani dattijo da ya yi shekaru yana fiton kaya a kogi. Ya ce masu sayen duka biyu su zo zaurensa ranar Asabar bayan la'asar, a yi ta a gaban liman da mai unguwa a gama. Da yamma Manu ya kira ni a waya: mai nasa filin ma yana son ganina da ɗaya mai sayen, ranar Asabar bayan la'asar, in same shi a tasha ya kai ni. Wallahi murna na yi. Na ce yau Alhaji Sefa ya shiga uku, don duk kuɗinsa ba zai raba kansa biyu ba. Zan fara zuwa na Ɗan Illo, Manu ya jira ni.

Don in ƙara wa abin armashi, na aika Kaoje aka kira mini Yaya Bello, yayan Rabi, ya zo ya zama shaidana. Manomin shinkafa ne, mutum mai nauyin baki, ina jin kunyarsa tun ranar da na je neman aure. So nake ya ga irin mijin da ƙanwarsa ta samu.

Muka tarar zaure ya cika. Ga Baba Arzika a kan buzu, ga liman, ga mai unguwa, ga maƙwabtan fili da aka kira don nuna iyaka. Aka gaisa, aka raba goro. Ɗaya mai sayen bai iso ba. Na ga dama ta samu, na gyara riga na nemi izinin magana.

"Baba, kafin ya iso, ina son jama'a su san wane irin mutum muke jira. Ni na fara taya filin nan tun da bazara. Ga liman nan, ya sani, addini ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Amma wannan bawan Allah ba ya tsoron Allah, ba ya kunyar mutane. Haɗama ce ta yi masa yawa. Ba shi da tausayin mai iyali. Kuma matsoraci ne, in ba haka ba me ya sa yake ɓoye sunansa?"

Yaya Bello ya gyaɗa kai. Na ƙara samun ƙarfi. Na shiga bayanin takardar yarjejeniya, da sa hannun shaidu, da takardar mallaka da za a nema daga baya. Har shuf'a na jefa, ko da yake ba ta da hurumi a wurin, don dai kada ta kwana a cikina. Duk wannan lokaci waya tana ta ruri a aljihuna, ina kashewa.

"Ɗauki mana, Malam," in ji mai unguwa.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Wani dillali ne da muke magana a kan wani filin daban. Can ma mutumin nan ya bi ni."

Ɗan Illo ya juyo ya yi mini wani irin kallo, amma ban kula ba.

Sai ga sallama daga bakin ƙofa. Wani ya sunkuyo yana cire takalmi, waya a kunne, yana cewa, "Baba, a yi mani haƙuri. Mutumin nau ya ƙi ɗaukar waya, tun ɗazu nike tsaye tasha. Ga shi ina sake kira." Wayata ta sake ɗaukar ruri. Ya ɗago kai. Manu Zagga ne.

"A'a, Malam! Ashe ka riga ni isowa?"

Kuna tsammanin a nan na gane? Ina! Zumbur na miƙe na nuna shi da yatsa. "Ashe kai ne munafukin! Kai ke kai wa Alhaji sirrina!"

"Wane Alhaji?" in ji Manu.

Baba Arzika ya ɗaga hannu aka yi shiru. A hankali ya ce, "Ɗan Illo, ina mai sayenka?"

"Ga shi nan, Baba."

"Manu, kai fa, ina naka?"

"Ga shi nan, Baba."

Yatsu biyu, duka a kaina. Na dubi wannan, na dubi wancan. Sai giginyar nan ta faɗo mini a rai, ta can ƙarshen fili da na hango daga kan babur, da wadda na tsaya a gindinta ina murza ƙasa. Na koma na zauna a hankali, na rasa inda zan sa idona. Zaure ya yi tsit, ba abin da ke motsi sai kafaɗun liman, ya rufe baki da gefen rawani. Wani daga cikin maƙwabta ne ya fara fashewa, ya fita waje da gudu, muna jin sa yana dukan bango. Daga nan kowa ya saki. Yaya Bello kaɗai bai yi dariya ba, ƙasa yake kallo, kuma wannan ya fi ƙona ni.

Da aka lafa, Baba Arzika ya share hawaye ya ce, "Liman, kun ce an hana ciniki bisa cinikin ɗan'uwa. Wanda yay yi bisa cinikin kainai fa?"

"Wallahi, Baba, ban taɓa cin karo da babinsa ba," in ji liman.

"To ni dai tayin ƙarshe ni ji, kuma da bakinai yay yi shi. Matsoraci ko jarumi, ya kawo kuɗɗi."

Nan dariya ta ƙare mini gaba ɗaya. Ba ni da su. Yaya Bello ne ya yi gyaran murya.

"Baba," in ji shi, "kuɗɗin ga mafi yawansu na ƙanwata na. Bijimin da tag gada ta saida. Bayan kaka ba su da wurin zama. Shi ke nan abin da zan ce."

Tsohon ya daɗe yana tauna goro. Sannan ya tambayi Manu nawa na taya ranar da na tsaya gindin giginya. Manu ya faɗa, kuma don Allah ya isar masa bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa ranar na ce filin da aka fara nuna mini bai kai rabin wannan ba. Aka sake kwashewa.

"To na sallama bisa wannan," in ji Baba Arzika. "Don mai bijimi, ba don kai ba. Kuma a rubuta sunanta a takarda, don na ga in anka bar ka kai ɗai kana iya saida ma kanka shi."

Na miƙa kafin alƙalami, shaidu suka shaida. Har na fara ajiyar zuciya, sai dillalan nan biyu da ba sa ga maciji suka haɗa baki a karon farko a rayuwarsu: kowanne ya kawo mai saye, kowanne yana son la'adarsa cikakkiya. Baba Arzika ya ce shi fili ɗaya ya sayar, la'ada ɗaya ya sani. Mai unguwa ya yanke cewa ɗayar tana kan wanda ya ɗauki dillali biyu. Da na haɗa da kuɗin takarda da na bulon ɗaki ɗaya, babu abin da zai rufe sai babur ɗina. A satin na sayar da shi.

Yaya Bello ya riga ni isa gida ranar. Da na shigo, Rabi ko "ai na faɗa maka" ba ta ce ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo tuwon shinkafa a kwano biyu ta jera a gabana.

"Na waye ɗayan?" na tambaya.

"Na Alhaji," in ji ta. "Shi ma ya sha wahala."

Yanzu muna cikin gidanmu, ɗaki ɗaya da rumfa, giginyar tana bayan ɗaki. Daga nan zuwa makaranta akwai 'yar tafiya, kuma da ƙafa nake yin ta, safe da rana. Dole sai na bi ta gaban majalisa. Da mai shayi ya hango ni ina share gumi sai ya ɗaga ludayi ya ce, "Alhaji Sefa! Addu'a ta ci!"

Na daina yi wa kowa bayanin shuf'a. In wani ya zo neman shawara a kan fili, abu biyu nake gaya masa. Ka sauka daga babur ka zagaye filin da ƙafarka, kai da matarka. Sannan in za ka yi wa maƙiyinka addu'a, ka sassauta, don ba ka san a gidan wa yake kwana ba.